SHADOW: INUWAR DA KE BI DA INUWAR DA AKE SHA



'Yan'uwa maza da mata, yau zan ɗan kauce wa layin da muka saba. Wata kalma ce ta Turanci ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo muku ita mu tauna tare. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Wanda bai da lokaci yanzu ya ajiye sai ya samu natsuwa, don ba na so a karanta rabi a yanke hukunci.

Ɗan ƙanwata ne da ke karatun likita ya zo min sallama. Na ce, "Ina kuma aka nufa, ba hutu kuke yi ba?" Ya ce, "Kawu, wata guda zan yi a asibiti ina shadowing ɗin wani babban likita." Na ce, "Kai, fassara min, ni Turancin nawa na sakandare ne." Ya yi dariya ya ce, "Wato zan zama inuwarsa. Duk inda ya cire ƙafa in sa tawa. Ba zan taɓa mara lafiya ba, ba zan rubuta magani ba, ido da kunne kawai ne nawa."

Na sa masa albarka ya tafi, amma maganar ta tsaya min a rai. Wai abin alfahari ne mutum ya zama inuwar wani, ko abin kunya ne? Tambayar ta shafe ni, ta shafe ku, domin sunan da Facebook ya raɗa muku, ku da kuke karanta wannan rubutu, shi ne "mabiya". Ni ma kuma mabiyin wasu ne. Sai na ɗauko ƙamus na shiga bin kalmar, na tambayi waɗanda suka fi ni sanin harshen. Ga abin da na samo.

KALMA ƊAYA TA RABU BIYU

Bahaushe kalma ɗaya gare shi: inuwa. Wadda kake zama a ciki ka huta a gindin darbejiya inuwa ce, wadda take bin ka a ƙasa idan kana tafiya da hantsi ita ma inuwa ce. Bature kuwa biyu gare shi. Ta hutawa yana ce mata shade, mai bin mutum yana ce mata shadow, ana furta ta "shado".

Abin da ya ba ni sha'awa, asalinsu ɗaya ne. A tsohon Turanci na fiye da shekara 1000 da suka wuce, kalmar ita ce sceadu. A wancan zamani ƙarshen kalmar Turanci yana canzawa gwargwadon matsayinta a jimla, kamar yadda ɗaliban Nahawu suka san i'irabi a Larabci. Daga siffarta ta raf'i aka samu shade, daga siffar da take ɗauka a sauran matsayai aka samu shadow. Da tafiya ta yi nisa sai kowacce ta kama gabanta, kamar 'yan'uwan da suka raba gado.

Sai kuma wani bambanci tsakaninmu da su. A wurinmu inuwa rahama ce. Mukan raɗa wa yaro Inuwa. Mukan ce wane ya tsaya takara a ƙarƙashin inuwar jam'iyya kaza, marayu suna ƙarƙashin inuwar baffansu. Idan biyu ba sa jituwa mu ce ba sa shan inuwa ɗaya. Ka lura, mu "shan" inuwa muke yi, kamar ruwa. Amma idan Bature ya ce wane yana rayuwa a cikin shadow ɗin yayansa, ba yabo ba ne, tausayi ne: yayan ya tare masa haske, ba a ganin sa. Idan ya kira mutum shady, yana nufin mara gaskiya, wanda ba a san cikinsa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin Ingila rana yake nema, mu kuwa gudun ta muke yi. Wanda ya taɓa taka ƙasa ba takalmi a watan Afrilu ya san darajar gindin bishiya.

Shi ya sa duk abin da ake yi a ɓoye sai su liƙa masa wannan kalma. Kasuwancin da ba ya shiga lissafin hukuma, shadow economy. Jiragen ruwan da ke dakon man Rasha a kaikaice don kauce wa takunkumin da aka ƙaƙaba mata daga 2022, shadow fleet. Idan kafar sada zumunta ta rage masu ganin rubutunka ba tare da ta sanar da kai ba, kana ta magana kana zaton ana ji, shadow ban.

Amma inda kalmar ta fi kama ni shi ne inda ta zama aikatau, ta koma ma'anar "bi". Na tarar da bi iri huɗu a cikinta. A ido duk kama ɗaya suke: wani a gaba, wani a baya. A wurin hukunci kuwa tsakaninsu kamar sama da ƙasa.

NA FARKO: BIN MAI KOYO

Shi ne wanda ɗan ƙanwata ya tafi yi. A Turai da Amurka, sabon ma'aikaci ko ɗalibi yakan yi kwanaki ko makonni yana bin gwani a wurin aiki, yana kallo kawai. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sunan ne kawai ba mu sa masa ba. Yaron gareji yakan yi shekara yana miƙa sifana kafin a bar shi ya kwance inji. Yaron tela yana farawa da sa maɓalli da guga. Ɗan koyo a kasuwar Kwari yana tsaye yana kallon yadda maigida ke karɓar baƙo, yadda yake yin shiru idan ciniki ya yi zafi, yadda yake gane mai saye da mai taya kawai. Almajiri a zaure ba karatu kaɗai yake ɗauka ba, har yadda malam ke cewa "ban sani ba, sai na duba".

Akwai ilimin da ba ya shiga littafi, sai an gan shi a jikin mutum. Saboda haka wannan bi ba ƙasƙanci ba ne. Wanda ya ƙi bin kowa don girman kai, zai biya kuɗin makaranta da kurakuransa, wani lokaci ma da rayukan mutane.

Amma ku lura da abu ɗaya: wannan bi yana da wa'adi. Yaron ya ce wata guda. Manufarsa ita ce watarana mai bi ya tsaya da ƙafarsa. Idan yaro ya shekara 20 a gareji har yanzu sifana yake miƙawa, to ɗaya daga cikin biyu: ko yaron bai zo koyo ba, ko ogan bai yi niyyar koyarwa ba.

NA BIYU: BIN MAI LEƘE

Da wannan kalmar dai Bature yake cewa ɗan sandan ciki yana shadowing ɗin wanda ake zargi. Yana bin sa a ɓoye, daga nesa, ya tsaya idan ya tsaya, ya kwana idan ya kwana, shi kuwa bai sani ba. A hannun hukuma, da ƙa'ida, a kan mai laifi, yana da muhallinsa. Matsalar ita ce yanzu kowa ya zama ɗan sandan ciki, ba albashi ba kaki.

Wallahi akwai mutanen da suke bin shafin mutum ba don su ƙaru ba. Suna laɓe ne. Ba sa magana, ba sa gaisuwa, jira suke harshe ya zame su ɗauki hoton rubutun su adana. A yi shekara uku, ranar da aka samu saɓani, sai ka ga an fito da shi: "Ba kai ne ka ce kaza ba?" Akwai mai bin diddigin tsohuwar matarsa, ina ta je, me ta sa, wa ya yi mata magana. Akwai mai bin kishiyarta da asusun bogi. Kun san addininmu ya hana leƙen asirin mutane da bin diddigin aibinsu, ba sai na tsawaita ba. Abin da nake so in ƙara shi ne abin da wannan ɗabi'a ke yi wa shi mai bin. Ya sallama rayuwarsa. Wanda yake bi yana can yana harkarsa, shi kuwa ba ya da tasa alƙiblar. Inda maƙiyinsa ya juya nan yake juyawa. Ka ga ya zama inuwar wanda ya tsana.

A nan na ci karo da wata ma'ana ta kalmar. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1961, ya kira wani ɓangare na halin ɗan Adam da "inuwa", masu fassara shi zuwa Turanci suka ce shadow. Yana nufin halayen da ke cikin mutum waɗanda ba ya son ya yarda nasa ne, sai ya tura su bayansa, sannan ya riƙa hango su a jikin wasu yana jin haushi. Ba duk abin da mutumin nan ya faɗa nake ɗauka ba, amma a wannan gaɓar kakanninmu sun riga shi: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan ka ga aibin wani mutum ɗaya ya hana ka barci, ka ɗan waiwaya. Inuwa a baya take tsayawa, shi ya sa kowa ke ganin taka ban da kai.

NA UKU: BIN MAI SA IDO

Wannan ya fito ne daga siyasar Birtaniya. A can, babbar jam'iyyar adawa takan kafa abin da suke kira shadow cabinet, wato majalisar ministoci ta inuwa. Kowane minista na gwamnati akwai takwaransa a ɓangaren adawa da aka ɗora wa bin aikinsa. Ministan kuɗi yana da inuwarsa, na lafiya yana da tasa, na harkokin waje haka. Idan minista ya kawo kasafi ko doka, inuwarsa zai miƙe a zauren majalisa, gaba da gaba, ya ce ga inda ka yi kuskure, ga yadda da ni ne zan yi. Tun 1937 dokar ƙasar ta yanka wa jagoran adawa albashi daga baitulmali. A hukumance ma ana kiran su 'yan adawar Sarki masu biyayya. Ku ji fa, adawa da biyayya a suna ɗaya.

Kuma ba wasa ba ne. Rachel Reeves ta riƙe muƙamin ministar kuɗi ta inuwa daga 2021, da jam'iyyar Labour ta ci zaɓe a watan Yulin 2024 sai ta zama ministar kuɗi ta gaske. Duk abin da ta soki wasu a kai, sai ga shi a kan teburinta. Mu ma mun taɓa ɗanɗana wannan tsari a farkon Jamhuriya ta Farko, lokacin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake firaminista, Cif Obafemi Awolowo yake jagoran adawa a majalisar tarayya a Legas.

Ba siyasa na kawo ku ba. Tambayata ita ce: mene ne ya raba wannan bi da na mai leƙe, alhali duka biyun kuskure suke nema? Abu uku. Mai sa ido a fili yake, an san sunansa da fuskarsa, mai leƙe a ɓoye yake. Mai sa ido aikin mutum yake bi, abin da ya shafi jama'a, mai leƙe ɗakin kwanansa yake bi. Mai sa ido a shirye yake ya ɗauki kayan idan an ce zo ka ɗauka, mai leƙe burinsa kayan su zube. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk shugaba, duk malami, duk maigida yana buƙatar irin wannan inuwa kusa da shi. Wanda ya kori masu ce masa "gyara", ya bar masu ce masa "daidai ne ranka ya daɗe", ya haƙa wa kansa rami.

NA HUƊU: BIN INUWA ZALLA

Yanzu na zo inda ya fi min ciwo, don labarin kaina ne.

Akwai wani ɗalibina, na nemi izininsa kafin in ba da labarin, ba zan faɗi sunansa ba. Yaro mai ladabi, mai ƙauna. Irin hular da nake sawa yake sawa. Yadda nake gyaran murya kafin in fara magana haka yake yi. Har abokansa suna tsokanarsa da sunana. Gaskiya mai ɗaci ita ce abin yana min daɗi. Zuciya tana son a bi ta.

Wata rana na yi rubutu na jingina wata magana ga malamin da ba shi ya faɗe ta ba. Kuskurena ne tsagwaronsa, na dogara da hadda ban koma na duba ba. Wani dattijo, wanda ya haife ni a shekaru, ya rubuto cikin ladabi ya ce, "Malam, a sake dubawa, ina jin maganar ba ta wane ba ce." Ni na riga na kwanta. Kafin gari ya waye ɗalibin nan ya dira a kan bawan Allah: kai wane ne, a ina ka yi karatu, hassada ce ke cin ka. Wasu suka biyo bayansa. Da asuba na buɗe littafi, dattijo ne da gaskiya.

Na gyara rubutun, na ba shi haƙuri a fili, na neme shi a waya na sake ba shi. Ya ce ya yafe. Amma daga ranar bai ƙara yi min gyara ba. Na rasa mai sa ido, 'yan'uwa, kuma inuwata ce ta kore shi.

Na kira ɗalibin na ce, "Ka duba maganar kafin ka zage shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ban duba ba. Na ga kai ka faɗa." Na ce, "To yanzu da na janye fa?" Ya ce, "Ni ma na janye. Ai ko yanzu ka koma kan ta farko, zan koma." Shi a ganinsa biyayya ce yake nuna min. Ni kuwa sai na ji gabana ya faɗi. Wannan ba ɗalibi na rena ba, inuwa na rena.

Ku fita waje gobe ku kalli inuwarku da kyau, za ku ga halaye uku.

Na ɗaya, inuwa suffar waje kawai take kwaikwaya. Tana da hularka da faɗin rigarka, amma ba ta da ido, ba ta da fuska, ba ta da zuciya. Haka mai bi irin wannan: ya ɗauki muryar malam da zafinsa a kan mumbari, bai ɗauki darensa na bincike da tsoronsa na yin kuskure ba.

Na biyu, inuwa ba ta faɗin gaskiyar girman mutum. Da sassafe da yamma liƙis za ka ga inuwar yaro ta fi dogon mutum tsawo. Rana ce ta yi ƙasa, ba shi ne ya girma ba. Idan ka ga an kumbura mutum an kai shi inda ba ya kuskure, ba girmansa ne ya ƙaru ba, hasken ilimi ne ya yi ƙasa a wurin.

Na uku, inuwa tana gudu lokacin da aka fi buƙatarta. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara, a cikin Afrilu da kuma Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Mutumin Landan, da yake sama da digiri 51, bai taɓa ganin wannan a garinsu ba. Mu da muke gani ya kamata mu fi shi ɗaukar darasi. Ku tambayi duk wanda ya sauka daga mulki, ko attajirin da ya karye, ina 'yan bi-yarima-a-sha-kiɗa suke shiga idan rana ta take.

Akwai kuma na huɗu da ya fi su duka. Ba a samun inuwa sai wani abu ya shiga tsakanin haske da ƙasa. Idan ka zama inuwar mutum, ma'anarsa ya tsaya tsakaninka da haske. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006 a Gusau ko Katsina ko Maraɗi sun ga gari ya yi duhu da rana tsaka. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, amma da yake wata ya fi ta kusa da mu kusan sau 400, sai ya rufe ta ɗungurungum. Ƙaramin abu na kusa yana iya tare babban abu na nesa. Haka mutumin da kake ƙauna zai iya tare maka gaskiya, ba don ya fi ta girma ba, sai don ka matso da shi dab da idonka.

TO KADA A BI KOWA KE NAN?

Na san wani zai ce, "Malam, kana so kowa ya zama malamin kansa? Ai wannan ita ce fitinar da muke ciki, yaro ya karanta shafi biyu a intanet ya fara yi wa manya gyara." Gaskiyarka. Ba haka nake nufi ba. Ni kaina idan likita ya rubuta min magani ba na ce masa kawo hujja. Idan bakanike ya ce a canza abu kaza, nakan canza. Wanda bai sani ba dole ya bi wanda ya sani, kuma na gaba idon na baya ne.

Ita ma inuwa, idan aka ajiye ta a matsayinta, shaida ce mai amfani. Da ita iyayenmu suka san zawali suka yi Azahar, da ita suka san La'asar ta shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, littafi guda ya rubuta a kan inuwa da lissafinta. Amma ka lura, mai duba inuwar sanda ba sandar ce ta dame shi ba. Rana yake tambaya. Haka ya kamata bin malami ya zama: kana duban sa ne don ka san inda haske yake.

Saboda haka ba bi ne laifi ba, kashe hankali ne laifi. Inuwa ba ta da zaɓi, ba za a tambaye ta ba. Kai kana da zaɓi, kuma za a tambaye ka. Ga tambayoyi uku da kowa zai auna kansa da su a ɗakinsa:

1. Wanda nake bi, idan ya yi kuskure zan iya ganewa? Idan wani ya nuna min, haushi nake ji ko dubawa nake yi?

2. Akwai mutumin da na tsana alhali bai taɓa yi min komai ba, ban ma taɓa sauraron sa ba, don kawai na ji wanda nake bi ya soke shi?

3. Idan yau aka wayi gari babu shi, me ya rage a hannuna? Ilimi da hali, ko hula da salon magana?

Mu kuma da ake bi, namu nauyin ya fi. Malami, uba, uwa, ogan aiki, mai shafi da dubban mabiya: idan sanda ta karkace, kada a zagi inuwarta. Ban ga laifin ɗalibina ba kamar yadda na ga nawa. Shekara nawa yana gabana, sau nawa ya ji na ce "na yi kuskure"? Sau nawa na yaba wa wanda ya yi min gyara a gabansa? Abin da na shuka na girba.

DAGA WANNAN INUWA ZUWA WACCAN

Na ce muku Bature ya raba kalmar biyu, Bahaushe ya bar ta ɗaya. Da na yi tunani sai na ga kowanne da hikimarsa. Rabawar tana tuna mana cewa ba ɗaya ba ne: akwai inuwar da ke bin mutum ba ta amfana masa komai, akwai wadda ake zama a ciki a huta. Haɗawar kuma tana tuna mana cewa hanya ɗaya ce: wanda ya bi da hankali, shi ne gobe ake shan inuwarsa. Kowace bishiyar da ake hutawa a gindinta ta taɓa zama tsiro a gindin wata.

Idan Allah Ya kai ka nan, sai ka duba wace irin inuwa ce kai. Kada ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha ki: mabiya a waya suna ta yabo, iyali a gida suna cikin rana. Kada ka zama inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya: ka taimaki mutum sannan ka soke shi da gori.

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya kira ni. Na ce, "Yaya inuwa?" Ya ce, "Kawu, likitan nan wani iri ne. Kullum idan mun gama zagayen marasa lafiya sai ya juyo ya ce min, me ka gani yau wanda ni ban gani ba? Ranar farko na ce babu. Ya ce to gobe kada ka zo idan babu." Na ce masa, "Riƙe wannan mutumin da kyau. Ba inuwa yake nema ba, likita yake so ya yi."

Ɗalibina kuwa yana nan, muna tare. Yanzu aikin da na ba shi shi ne ya duba duk rubutuna kafin ya fita, ya nemo kuskure. Watan jiya ya kamo guda biyu. Ya zo yana jin nauyi, yana ta kewaye-kewaye. Wallahi ban taɓa jin daɗinsa kamar ranar ba.

Allah Ya sa mu bi gaskiya da idonmu a buɗe, Ya tsare mu da bin diddigin bayinSa, Ya ba mu masu gaya mana gaskiya da zuciyar karɓarta. Allah Ya yafe mana abin da muka karkatar a cikin waɗanda suka biyo mu. Ya sanya mu a inuwarSa ranar da kowa zai neme ta.

Wanda ya ga kuskure a wannan rubutu, don Allah ya gyara min. Ku kuma kada wanda ya taɓa shi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.